Yaƙin Afganistan: Hujjar Wata Biyu, Wahalar Shekara Ashirin

A daren Lahadi 7 ga Oktoba 2001 jiragen yaƙin Amurka da na Birtaniya suka fara luguden wuta a kan Kabul da Kandahar da Jalalabad. Sojan Amurka na ƙarshe bai bar ƙasar ba sai 30 ga Agusta 2021, kuma waɗanda aka je kora su ne suka karɓi makullan filin jirgin da ya tashi daga ciki. Har yau idan aka tayar da zancen ko yaƙin ya halatta, sai jama'a su rabu gida biyu, masu cewa zalunci ne tun daga tushe da masu cewa wajibi ne aka sauke. Abin da tarihi ya nuna, a fahimtata, shi ne yaƙe-yaƙe biyu aka yi da suna ɗaya. Na farko yana da hujjar da mai adalci ba zai iya turewa ba, kuma ya ƙare cikin wata biyu. Na biyu ya faro ne a Disamba 2001, lokacin da abokin gaba ya nemi ya ajiye makami aka ce ba a yarda ba, kuma wannan ɗin babu ma'aunin da zai wanke shi.

Hujjar farko ba a ɓoye take ba. Ranar 11 ga Satumba 2001 mutum 19 sun sace jiragen fasinja huɗu, suka kashe mutum 2,977 a New York da Pentagon da Pennsylvania, mafi yawansu ma'aikatan da suka fito neman abinci, har da Musulmi a cikinsu. Kuma wannan ba shi ne farkon ɓarnar Alƙa'ida ba. Shekara uku kafin nan, ranar 7 ga Agusta 1998, ta tayar da bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka da ke Nairobi da Dar es Salaam, mutum 224 suka mutu, kusan dukkansu 'yan Afirka ne, masu wucewa a titi da ma'aikatan ofisoshin da ke maƙwabtaka. Shugaban Alƙa'ida Usama bin Laden yana zaune a Afganistan tun da ya bar Sudan a 1996, yana da sansanonin horo a ƙarƙashin inuwar Taliban. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙuduri mai lamba 1267 na Oktoba 1999, ya nemi a miƙa shi, ya sake nema a 2000, Taliban ta yi kunnen ƙashi. Sashe na 51 na kundin Majalisar ya ba kowace ƙasa 'yancin kare kanta idan an kai mata hari, kuma washegarin harin kwamitin ya jaddada wannan 'yanci. An fusata a ƙasashen Musulmi da yawa da aka fara ruwan bama-bamai, a Kano ma zanga-zangar makon ta rikiɗe ta zama tarzomar da ta ci rayuka, to amma duk mai cewa Amurka ba ta da dalili ko kaɗan sai ya fara bayyana mana me ya kamata a yi wa wanda ya kashe mutanen Nairobi ya kuma yi alkawarin ƙarawa.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ake yi wa wannan hujja. Babu ɗan Afganistan ko ɗaya cikin mutum 19 ɗin: 15 'yan Saudiyya ne, biyu daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ɗaya Bamisire, ɗaya ɗan Lebanon. An ƙulla wani ɓangare na shirin a Hamburg ta Jamus, tuƙin jirgi kuwa a makarantun Amurka aka koya. Sannan Taliban ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Taron malamai da aka yi a Kabul cikin Satumba ya ba da shawarar a roƙi Bin Laden ya bar ƙasar da kansa, jakadan Taliban a Pakistan, Abdussalam Za'if, ya yi ta neman a kawo shaida, kuma mako guda da fara yaƙin mataimakin firaministanta, Abdul Kabir, ya ce za su iya miƙa shi ga wata ƙasa ta uku idan aka tsayar da wuta aka kawo hujja. Shugaba George Bush ya ce babu ciniki. Ina ganin ya kamata a ce an gwada wannan tayin, ko don a fita haƙƙi. Sai dai gwamnatin da ta shafe shekara biyu tana jan ƙafa a gaban ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya ita ta zubar da amincin maganarta, kuma shugaban Taliban Mulla Umar, wanda shi kaɗai ne mai yanke hukunci, bai taɓa fitowa ya ce zai miƙa baƙonsa ba. Saboda haka rusa sansanonin Alƙa'ida da farautar shugabanninta abu ne da za a iya karewa.

Wannan aikin kuwa ya tafi da sauri fiye da yadda kowa ya zata. Mazari Sharif ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba, Kabul ranar 13, saura Kandahar. A makon farko na Disamba ne komai ya cakuɗe, kuma nan ne ya kamata mai nazarin wannan yaƙi ya daɗe a tsaye. Ranar 5 ga wata, a Shah Wali Kot da ke arewa da Kandahar, wani bam na Amurka ya yi kuskure ya faɗa kusa da inda Hamid Karzai yake, ya kashe sojojin Amurka uku da Afganawa da dama, shi kuma ya tsira da ɗan rauni. A wannan ranar aka sanar da shi ta waya cewa taron birnin Bonn na Jamus ya zaɓe shi shugaban riƙo, a ranar kuma wakilan Taliban, ciki har da ministan tsaronta Mulla Ubaidullah, suka zo masa da maganar miƙa wuya. Abin da suka nema bai taka kara ya karya ba: su ba da Kandahar da makamansu, a bar su su koma gidajensu, a bar Mulla Umar ya zauna da mutuncinsa. Karzai, wanda ya san yadda ake kashe wutar gaba a ƙasar Pashtun, ya karkata ga amincewa. Washegari sakataren tsaron Amurka, Donald Rumsfeld, ya fito gaban 'yan jarida ya ce hakan ba za ta saɓu ba. A Bonn ma ba a gayyaci Taliban ba, aka damƙa ma'aikatun tsaro da na cikin gida da na harkokin waje duka a hannun mutanen kwarin Panjshir na Ƙawancen Arewa mai yaƙi da Taliban, a ƙasar da Pashtun suka fi kowace ƙabila yawa. Lakhdar Brahimi, ɗan Aljeriyan da ya jagoranci taron a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya ya amsa da bakinsa cewa ware Taliban shi ne kuskuren da sauran kurakurai suka tsiro daga gare shi. A daidai waɗannan kwanaki Bin Laden yana duwatsun Tora Bora, Amurka ta ƙi tura isassun sojojinta, ta dogara da madugan yaƙin yankin, ya sulale zuwa Pakistan. An saki wanda aka je nema, an rufe ƙofa ga waɗanda suka zo neman sulhu.

Malaman fiƙihu da masana dokokin yaƙi na zamani sun haɗu a kan cewa dalilin fara yaƙi ba ya zama lasisin ci gaba da shi har abada, kuma wanda ya ajiye makami yana da haƙƙi. Abin da ya biyo bayan Disamba ya taka wannan ƙa'ida. Za'if, jakadan nan, an kama shi a Pakistan aka kai shi kurkukun Guantanamo, bai fito ba sai 2005. Ministan harkokin waje Wakil Ahmad Mutawakkil ya kai kansa da ƙafarsa a Fabrairu 2002, aka tsare shi sama da shekara. Jirage suka riƙa watsa takardun alkawarin tukuici ga duk wanda ya nuna ɗan ta'adda, sai mai rikicin gona ko tsohuwar gaba ya samu hanyar gamawa da maƙwabcinsa. A Disamba 2002 wani matashin direban tasi ya mutu a kurkukun Bagram bayan kwana biyar, an ɗaure hannayensa a rufin ɗaki ana dukan ƙafafunsa har naman ya dagargaje. Likitar sojan Amurka ce da kanta ta rubuta cewa kisa ne, kuma masu yi masa tambayoyi da yawa sun yarda ba shi da laifi. Wata biyar kafin nan jirgin yaƙi ya buɗe wuta kan taron biki a lardin Uruzgan, gwamnatin Afganistan ta ƙirga gawa 48. Madugun yaƙi Abdurrashid Dostum kuwa, wanda ake zargin dakarunsa da barin ɗaruruwan fursunoni su mutu da ƙarancin iska a cikin kwantenoni a 2001, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2014. Taliban ɗin da ta watse a 2001 da irin wannan abinci aka yi kiwonta har ta sake miƙewa.

Daga nan labarin gajere ne duk da tsawon shekarunsa. A Maris 2003 hankalin Amurka ya koma Iraƙi, shugabannin Taliban suka sake haɗuwa a Kwetta ta Pakistan, ƙasar da ke karɓar biliyoyin daloli a matsayin ƙawa. Barack Obama ya ƙara sojoji 30,000 a ƙarshen 2009 har yawansu ya kai kusan 100,000. Da aka zo kashe Bin Laden ranar 2 ga Mayu 2011, a Abbottabad aka same shi, cikin Pakistan, kuma 'yan tsirarun sojoji a jirage masu saukar ungulu ne suka yi aikin cikin dare ɗaya. Bayan mutuwarsa aka ci gaba da yaƙin shekara goma cur.

Masu kare wannan doguwar zama suna nuna makarantu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Alƙaluman UNESCO sun nuna ɗalibai sun tashi daga kimanin miliyan 1 a 2001 zuwa kusan miliyan 10 a 2018, 'yan mata a firamare daga kusan babu zuwa miliyan 2.5. Mata sun zama likitoci da alƙalai da 'yan majalisa, mace-macen mata wajen haihuwa ya ragu. Hana 'yan mata karatun sakandare da na jami'a da Taliban ta yi bayan dawowarta zalunci ne da babu wata ƙasar Musulmi da ke yin irinsa, kuma duk wanda ke murnar faɗuwar Amurka ya manta da waɗannan yara bai yi musu adalci ba. Amma ba don makarantu aka tafi yaƙin ba, kuma alherin da aka jingina da bindigar baƙo ranar da baƙon ya tafi yake rushewa, kamar yadda aka gani. Yawancin ribar ta tsaya a birane. Matar ƙauye a Helmand abin da ta sani shi ne farmakin dare da binne 'ya'ya. Da an shigar da Taliban cikin sulhu lokacin da take durƙushe, da ita za a gindaya wa sharuɗɗa kan karatun mata. Da aka jira sai da ta yi nasara, ita ta gindaya nata.

Ana kuma cewa Taliban ce ta kashe mafi yawan fararen hula, da bama-baman gefen hanya da 'yan ƙunar baƙin wake a kasuwanni da masallatai. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun tabbatar da haka a yawancin shekaru, kuma jinin yana wuyanta. Sai dai a rabin farko na 2019 dakarun gwamnati da na ƙawayenta sun kashe fararen hula fiye da 'yan tawaye, kuma babu ɗan Taliban da ya tuƙa jirgin da ya ƙone asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz ranar 3 ga Oktoba 2015, inda mutum 42 suka mutu, wasu a kan gadon jinya. Masu binciken Jami'ar Brown sun ƙiyasta mutum kusan 176,000 ne yaƙin ya ci kai tsaye, sama da 46,000 fararen hula, sama da 60,000 sojoji da 'yan sandan Afganistan, sojojin Amurka sama da 2,400, kuɗi kuma dala tiriliyan 2.3. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu tafiyar da yaƙin sun san ba ya tafiya. Takardun da jaridar Washington Post ta fallasa a Disamba 2019 sun nuna manyan jami'ai suna faɗa wa masu binciken gwamnati a asirce cewa ba su fahimci ƙasar ba, ba su san abin da suke yi ba, alhali a bainar jama'a suna cewa ana samun ci gaba. Kwamandojin Afganistan suna karɓar albashin sojojin bogi, Bankin Kabul ya yi asarar kusan dala biliyan 1 a hannun makusantan gwamnati. Tura ɗan wani ya mutu a yaƙin da ka san ba za a ci ba laifi ne mai zaman kansa.

Hujjar ƙarshe ita ce zaman ya hana a sake kai wa Amurka hari irin na 2001. Harin bai maimaitu ba, gaskiya ne, amma Alƙa'ida ta yi rassa a Iraƙi da Yaman da Somaliya da yankinmu na Sahel, inda mutanen Mali da Nijar da Burkina Faso ke biyan farashi har yau, kuma reshen IS na Khurasan a gaban idon sojojin NATO ya tsiro a 2015. Magajin Bin Laden, Aiman Zawahiri, a tsakiyar Kabul jirgi maras matuƙi ya kashe shi a ƙarshen Yuli 2022, babu sojan Amurka ko ɗaya a ƙasar. Wannan ya nuna Taliban ba ta cika alkawarinta ba, ya kuma nuna farautar 'yan ta'adda ba ta buƙatar mamaye ƙasa.

A ƙarshe teburin da aka ƙi zama a kansa a 2001 shi aka koma. Ranar 29 ga Fabrairu 2020 a Doha, wakilin Amurka Zalmay Khalilzad ya sa hannu kan yarjejeniya tare da Mulla Abdulgani Baradar na Taliban, mutumin da Amurka da kanta ta nemi Pakistan ta sako daga kurkuku a 2018. Wannan karon gwamnatin Kabul ce aka bari a waje, aka kuma matsa mata ta saki fursunoni 5,000. Mutanen da a da suke roƙon a bar su su koma gida sun tashi da ƙasar baki ɗaya ranar 15 ga Agusta 2021, Shugaba Ashraf Ghani ya tsere. Hukuncina shi ne wata biyun farko kare kai ne, abin da ya biyo baya kuwa bai halatta ba, kuma alhakinsa yana kan waɗanda suka ƙi sulhu da waɗanda suka ɓoye gaskiya suka tsawaita shi. Harin ƙarshe da Amurka ta kai kafin ficewarta, ranar 29 ga Agusta 2021, ya faɗa kan motar wani ma'aikacin agaji da ya ɗauko jarkokin ruwa zuwa gidansa a Kabul. Mutum goma 'yan gida ɗaya suka mutu, bakwai daga ciki yara. Ma'aikatar tsaron Amurka ta amsa cewa kuskure ne, sannan a Disamba ta sanar cewa ba za a hukunta kowa ba.