'Yan Matan Kwando: Daga Atina Zuwa Faris

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, lokacin da muke makaranta, ƙawayenmu mata kan jefa ƙwallon kwando a filin ƙasa, amma da an yi wa yarinya baiko sai ta daina. Wannan ya sa na bi 'yan wasan Nijeriya mata, wato D'Tigress, wasa bayan wasa a gasar Olamfik ta 2024, ina zaune Nasarawa Burkullu da waya a hannu.

Tun 2004 a Atina, inda suka doke Koriya ta Kudu da 68 da 64, rabonsu da nasara a Olamfik. To, a ƙarƙashin kociya Rena Wakama, sai suka lallasa Ostireliya da 75 da 62. Faransa ta doke su, suka farfaɗo suka cinye Kanada da 79 da 70. Ba wata ƙungiyar Afirka, maza ko mata, da ta taɓa kai zagayen 'yan takwas kafinsu. Nan Amurka ta tsayar da su, 88 da 74.

Shawarata ga ƙungiyarmu: mu haɗa kuɗi mu gyara wa ƙannenmu filin nan. Allah Ya taimake mu, amin.