Kwafi mai jiran shaida: yadda ake sa ido a kansa a rumbun bayanai

Ɗan kasuwar da ya sayar da buhunan shinkafa a Haɗeja ya ga kuɗinsa sun shiga, ko ma'aikacin da aka rubuta sunansa a jerin albashi, duk sun dogara ne da rumbun bayanai da ke cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba. A wuri irin fadamar kogin Haɗeja, inda ambaliyar 2022 ta yi ɓarna, ajiye bayanai a ɗaki guda kasada ce. Shi ya sa ake ajiye kwafi a saba ta biyu a wani gari.

Manhajar MySQL, tun fitowar sigarta ta 5.5 a shekarar 2010, tana da tsarin da babbar saba ba za ta ce ciniki ya kammala ba sai aƙalla saba guda mai kwafi ta shaida cewa ta karɓi bayanin, ta kuma rubuta shi a faifanta.

Sai dai jiran yana da iyaka. Idan ba a sauya saitin asali ba, daƙiƙa 10 ne. In layin sadarwa ya katse ko wuta ta ɗauke a wajen saba ta biyu, babbar saba takan daina jira, ta ci gaba da karɓar ciniki ba tare da shaida ba. Mai saye da mai sayarwa ba za su ga alamar komai ba. Idan ta lalace a wannan tsakanin, cinikin da bai isa wancan gari ba yana iya salwanta.

Don haka mai kula da rumbun yakan duba alƙaluma huɗu da MySQL ke nunawa: ko tsarin yana kunne ko a kashe, yawan sabobin da ke haɗe suna ba da shaida, adadin cinikin da ya samu shaida da wanda ya wuce ba tare da ita ba, sai matsakaicin lokacin jira. Hauhawar adadin ciniki marar shaida ita ce alama mafi muni, tsawaitar jira kuwa takan nuna layi ya fara rauni.

Tsarin yakan koma aiki da kansa idan saba ta biyu ta cimma ta farko. Wanda bai sa ƙararrawar gargaɗi a kan waɗannan alƙaluma ba, yana iya kwana ba kariya bai sani ba.