Farautar Tsohon Littafi Da Ajiyarsa: Wanne Ya Fi Daɗi?

Akwai wata gardama da ta daɗe a tsakanin masu tara tsofaffin katunan 'yan wasan besbol a ƙasar Amurka, wato wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki a zura da gudu. Gardamar ita ce: ina daɗin yake, a wajen neman kati ne, ko kuwa a ranar da ya shigo hannu aka kulle shi a akwati? Mu nan ba mu san besbol ba, ba mu kuma da niyyar saninsa, amma gardamar tamu ce, domin duk wanda ya taɓa karanta kashi na ɗaya da na biyu na wani littafi ya rasa na uku, ya san ciwon da ake magana a kai.

Bari mu fara da nasu a taƙaice. Daga 1909 zuwa 1911 wani kamfanin taba a Amurka ya riƙa cusa ɗan kati mai hoton ɗan wasa a cikin kwalin sigari. A cikinsu akwai na wani mai suna Honus Wagner, wanda aka dakatar da bugawa tun da wuri. Wasu sun ce shi ne ya ƙi a yi tallar taba da fuskarsa, wasu sun ce kuɗi ne ba a daidaita ba. Kaɗan ne suka fita, don haka ya zama abin nema. A 1991 an sayi ɗaya a kan dala 451,000, a 2022 kuwa wani ya kai dala miliyan 7.25. A wannan shekarar ce kuma katin Mickey Mantle na 1952 ya tashi a kan dala miliyan 12.6, alhali wanda ya sayar da shi dala 50,000 ya saye shi a 1991. Ka ga wannan ba sai an tambaye shi ko ajiya tana da daɗi ba.

Amma mutumin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nasu shi ne Jefferson Burdick, wani ma'aikacin masana'anta a garin Syracuse. Shi ne ya zauna ya jera katunan ya raɗa musu lambobi a wani kundi da ya fara fitarwa a 1939, lambobin da har yau da su ake aiki. Ya tara takardu da katuna kimanin 300,000, sannan ya kyautar da su ga gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York. Shekarunsa na ƙarshe ya ƙare su ne yana liƙa su ɗaya bayan ɗaya a cikin kundaye, ga ciwon gaɓɓai ya nakasa masa hannu. Ya gama a watan Janairun 1963, ya mutu a watan Maris. Shi dai ya yi farautar, ya kuma yi wahalar ajiyar, amma mallakar ya bar wa wasu.

To mu dawo gida. Neman littafi a ƙasar Hausa ya girmi boko nesa ba kusa ba. Almajiri kan yi tafiyar kwana da kwanaki don ya ji wani malami yana da littafi kaza, ya je ya zauna ya kwafe shi da tawada da alƙalami, ya ɗinka masa gafaka ya dawo. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya shaida masa cewa gidansu suna da kwafi wanda aka kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Dubi nan, mai karatu: littafin da ya ƙetare hamada lafiya, a cikin ɗaki ya halaka. Wannan shi ne halin ajiya a ƙasarmu tun fil azal.

Da boko ya zo, sai aka yi gasar nan ta 1933 a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Waɗannan ba su ɓace ba, saboda makaranta ta riƙe su, ana ta sake buga su. Abin da ke wahalar da mafarauci shi ne ƙananan takardun hukumar NORLA ta shekarun 1950, wadda aka rufe a 1959, da jaridun larduna da ta riƙa fitarwa: Zaruma ta lardin Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano. Kakanninmu na Gusau da Bunguɗu da Tsafe da suka yi yaƙi da jahilci Zaruma suka karanta, domin a lokacin duk lardi ɗaya muke. Yau ka zagaye garuruwan nan uku ka ga ko za a nuna maka fitowa guda. An naɗe ƙosai da ita, an liƙe taga, gara ta ƙarasa sauran.

Sai kuma namu, wanda masana suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, sunan da har gobe wasunmu ba su yafe ba. Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe da zama a Gusau, ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, kodayake ita kamfanin NNPC ne ya buga mata. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya, marubuci ya koma buga abinsa da kuɗinsa. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, daga nan ruwa ya ɓalle.

A nan ne farauta ta samu gindin zama, kuma dalilin kuɗi ne. Marubuci ba shi da jarin buga labari gaba ɗaya, sai ya yanka shi kashi-kashi, ya fitar da na ɗaya, in ya sayu ya buga na biyu da cinikin. Mu da muke sana'ar mun san inda ake yanke labari, daidai lokacin da amarya ta buɗe ƙofa ta ga abin da ta gani. Littafin ya taso daga Kano ta Funtuwa da Tsafe ya sauka Gusau, daga can ɗan tireda ko direban mota ya shigo da 'yan kwafi Mada. Kashi na ɗaya ya zo da yawa, na biyu ya ragu, na uku kuwa sai an yi sa'a. Matar da ke cikin kulle ba ta da ikon zuwa kasuwa, sai ta aiki ƙane ko almajirin gida, ta ba da sallahu ga mai zuwa Gusau, ta aika wa ƙawarta da aka kai aure Bunguɗu. Ana iya wata uku ana wannan bin sawu. Ranar da littafin ya zo, a dare ɗaya za a cinye shi a gaban fitilar ƙwai, da safe ya wuce maƙwabta, ba kuma lalle ne ya dawo ba. Wata uku na nema, dare ɗaya na mallaka. Ga kuma shagunan haya, inda da 'yan kuɗi kaɗan za ka karanta ka mayar. Tsarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan littafi ya yi yawo.

Mu ma muna da namu kundin irin na Burdick, sai dai ba mu san shi ne ba. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya kan jera sunayen littattafan 'ya'yansu a cikin kowane bugu, waɗanda suka fito da waɗanda ke nan tafe. Wannan jeri shi ne taswirar mafarauci. Abin dariya, kuma abin tausayi, da yawa daga cikin masu nan tafe ɗin ba su taɓa isowa ba. Jari ya karye, ko marubuciya ta yi aure miji ya hana, ko an koma harkar fim. Akwai masu karatun da suka shekara suna cigiyar littafin da ko rubuta shi ba a yi ba. In wannan bai nuna maka inda daɗin yake ba, ban san abin da zai nuna maka ba.

Ni dai a nawa ganin, a wajenmu farauta ta fi daɗi, ba ma kusa ba. Ba'amurke yana da dalilin son mallaka, domin katinsa akwai kamfanin da ke duba lafiyarsa ya ba shi maki ya rufe shi a roba, kuma yakan ƙara daraja. Kai kuwa mai Ghana-mas-go uku na tsofaffin littattafai, me ka mallaka? Takarda ce mai arha wadda ke yin ja ta karye, ƙusar da aka ɗinke ta da ita ta yi tsatsa ta ci tsakiya. Kana faɗa da gara, da ɓera, da ɗigar damina, da mai aro wanda in ka hana shi ka zama marowaci, in ka ba shi ka yi sallama da kashi na biyu. Uwargida na yi maka gorin ka cika ɗaki da shara. Babu dillalin da zai taya maka su da kuɗin kirki. A 2007 ma a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. A Zamfara kuma wata masifar ce ta daban: wanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar buhun littafi. A watan Satumbar 2021 har kasuwannin mako aka rufe na wani lokaci, aka yanke layukan waya, wato dajin farautar ma aka toshe.

Duk da haka, in aka zo rubuta tarihinmu, wurin masu wahalar ajiyar ake zuwa. Farfesa Graham Furniss na jami'ar Landan ya bi ya sayi littattafan nan ya adana, shi da Malami Buba da William Burgess suka fitar da kundin sunayensu a 2004, wanda ya ƙunshi waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002, sama da 700. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi irin wannan tari a Kano, kamar yadda ɗan ƙasarmu Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi waƙoƙin baka ya taskace su a Diwaninsa. Yana yi mini ciwo a ce marubucin da ya rasa kwafin littafinsa na farko, kuma muna da su da yawa, wataƙila a Ingila ne ya fi saurin samunsa.

Yanzu an ce waya ta kashe gardamar, tunda ka shiga WhatsApp ka yi cigiya, kafin la'asar an turo maka tsohon littafi, wani ya sake buga shi da yatsa. Labarin kam yana zuwa, wani lokaci da gyare-gyaren da mai shi bai sani ba, wani lokaci ma babu sunansa. Abin da ba ya zuwa shi ne bangon da mai zane ya yi da hannu, da farashin da aka rubuta a baya, da sunan maɗaba'ar, da hoton 'yan Raina Kama sun jeru, da wasiƙun masu karatu, da jerin nan na masu nan tafe. Waɗannan sai a takardar, takardar kuwa tana ƙarƙashin gadon wata tsohuwar amarya ta 1995 a Mada ko Tsafe, cikin akwatin lefenta, in 'ya'ya ba su riga sun hura gawayi da ita ba.