Emuleta: Manhajar Buga Tsofaffin Wasannin Kwamfuta

Emuleta manhaja ce da ke sa wata na'ura ta kwaikwayi wata na'urar daban, har shirin da aka rubuta don tsohuwar ya yi aiki a kan sabuwar ba tare da an sauya komai a cikinsa ba. An fi saninta a fagen wasannin kwamfuta, waɗanda matasa ke kira gem. Da ita ake buga wasannin zamanin MS-DOS a kan Windows 11 da Linux da macOS, da ita kuma ake buga na PlayStation da Nintendo a wayar Android. Aikinta shi ne ta sake gina tsohuwar na'urar a cikin manhaja, tun daga furosesa da memori har zuwa katin sauti da na hoto, ta yadda wasan zai tarar da duk abin da ya saba tararwa.

Asali

Ba don wasa aka fara ta ba. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da jerin kwamfutocinsa na System/360 a watan Afrilun 1964, bankuna da ma'aikatu sun riga sun kashe dukiya mai yawa wajen rubuta shirye-shirye don tsofaffin injina irin su IBM 1401. Babu mai sayen sabon inji ya zubar da wannan aikin. Sai injiniyoyin kamfanin suka tsara yadda sabon injin zai karɓi umarnin tsohon ya aiwatar.

A tsakiyar shekarun 1990 ne dabarar ta shigo hannun masu son wasa, lokacin da kwamfutar gida ta yi ƙarfin da za ta iya ɗaukar nauyin kwaikwayon na'urorin shekarun 1980. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya saki MAME, wadda ke kwaikwayon manyan akwatunan wasa da ake jefa wa kwabbai. A shekarar ce kuma NESticle da ZSNES suka fito don wasannin Nintendo.

Abin da ke hana tsohon wasa tashi

Kwamfutar IBM PC ta 1981 tana da furosesa Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77, kuma MS-DOS ba ta bai wa shiri fiye da kilobait 640 na memori kai tsaye. A irin wannan ƙunci, mai rubuta wasa ba ya bi ta hannun babbar manhaja. Kai tsaye yake magana da kayan cikin na'ura: ya rubuta hoto a memorin katin VGA, ya aika sauti zuwa katin AdLib na 1987 ko Sound Blaster na 1989 a adireshin da ya san katin yake. Shi ya sa tsofaffin wasanni kan tambayi mai wasa lambobi irin su 220 da 5 da 1 kafin sauti ya fito.

Windows 95 da 98 suna zaune ne a kan DOS, saboda haka wasannin sun ci gaba da aiki. Da Windows XP ta zo a 2001, sai aka toshe wannan hanya: babu shirin da zai taɓa kayan na'ura sai da izinin babbar manhaja. An bar wani sashe mai suna NTVDM da ke ɗan lallaɓa shirye-shiryen DOS, amma sauti kan ɓace ko ya shaƙe. Windows mai bit 64 ba ta da wannan sashe sam, kuma Windows 11 ta 2021 mai bit 64 ce kaɗai. Wannan ya shafi har wasu wasannin Windows 95, domin ko da wasan kansa mai bit 32 ne, shirin da ke girka shi yakan zama mai bit 16. Wasu kuma na farkon shekarun 2000 makullin hana kwafi ne ya kashe su: Windows 10 ta daina karɓar direban SafeDisc, sai faifan asali da mutum ya saya da kuɗinsa ya ƙi buɗewa.

Akwai kuma matsalar gudu. Wasu wasannin farko ba sa duba agogo, da saurin furosesa suke auna lokaci. A na'urar da ta ninka ta asali sau dubbai, kafin mai wasa ya ɗaga yatsa an riga an kashe shi.

Yadda take aiki

Zuciyar emuleta ita ce sashen da ke kwaikwayon furosesa, kuma hanya biyu ake bi. A ta farko, emuleta na ɗaukar umarnin tsohon shiri ɗaya bayan ɗaya, ta fassara, ta aiwatar, kamar tafinta a kotu da ke jiran kowace jimla. Wannan hanya ta fi aminci amma tana cin ƙarfi. A ta biyu, takan fassara dunƙulen umarni gaba ɗaya zuwa harshen sabuwar furosesa, ta ajiye, duk lokacin da wasa ya dawo wurin sai ta ɗauko fassarar. Da wannan dabara ce waya mai furosesa ARM ke iya ɗaukar wasan na'urar hannu ta PSP, wadda furosesarta ta gidan MIPS ce.

Furosesa kaɗai ba ta isa ba. Dole kowane sashe ya yi aikinsa a daidai lokacin da na asali ke yi, domin masu rubuta wasanni sun dogara da ƙananan halayen na'ura, har da kurakuranta. A nan ne emuletoci suka rabu gida biyu: masu neman sauri, waɗanda ke yin yanke su toshe ɓaraka wasa bayan wasa, da masu neman daidaito. Marubucin emuletar bsnes ya bayyana a 2011 cewa kwaikwayon Super Nintendo daidai wa daida na buƙatar furosesa mai kusan gigahaz 3, alhali ita na'urar ta 1990 ba ta wuce megahaz 3.58 ba. Wannan ne dalilin da wasa mai shekara 30 zai iya yin nauyi a sabuwar waya, abin da kan ba mutane mamaki.

DOSBox

DOSBox ce ta fi shahara wajen wasannin kwamfuta. 'Yan ƙasar Holan biyu, Peter Veenstra da Sjoerd van der Berg, suka fara sakinta a 2002, kyauta, kuma kowa na iya duba rubutun cikinta. Siga ta 0.74 ta fito a 2010, gyaranta na 0.74-3 kuma a 2019. Da aikin ya lafa, wasu suka ɗora da rassa irin su DOSBox-X da DOSBox Staging.

Idan an buɗe ta, baƙin allo ne ke fitowa da harafin Z. Ba ta ganin komai na cikin kwamfuta sai foldar da aka miƙa mata da umarnin mount, wadda za ta ɗauka a matsayin faifan C. Wannan kariya ce, kuma kuskure ne babba a miƙa mata faifan kwamfutar gaba ɗaya. Daga nan sai a shiga foldar wasan a rubuta sunan fayil ɗinsa. Ctrl da F11 na rage gudu, Ctrl da F12 na ƙarawa, Alt da Enter na cika allo. Yawancin wasannin DOS an zana su ne a ma'aunin ɗigo 320 da 200 don allo mai fasalin 4:3. Idan an baje su a faffaɗan allon yau ba tare da gyara ba, mutane kan fito gajeru masu faɗi.

Kamfanoni ma sun rungume ta. Kantin GOG na ƙasar Poland, wanda aka buɗe a 2008, yana sayar da tsofaffin wasanni a naɗe cikin DOSBox da aka riga aka saita. A watan Janairun 2015 kuma Internet Archive ta sanya wasannin DOS kusan 2,400 da ake bugawa kai tsaye a burauza.

Ba duk abin da ke tayar da tsohon wasa ne emuleta ba. Wine, da aka fara a 1993, fassara buƙatun shirin Windows take yi zuwa na Linux, ba ta kwaikwayon furosesa. A kanta kamfanin Valve ya gina Proton a 2018. ScummVM ta 2001 sabon inji ce da ke karanta fayilolin tsohon wasa. Doom na 1993 kuwa, tun da aka saki rubutun asalinsa a 1997, an sake gina shi don kusan kowace na'ura, kuma wannan ya fi kwaikwayo kyau a duk inda aka samu dama.

A Chadi da Nijar da Arewacin Najeriya

Mutanen wannan yanki sun san tsofaffin wasanni ta hanyoyi uku. Akwai na'urorin kwafin Famicom ta Nintendo masu kaset da ke alkawarin ɗaruruwan wasanni, akwai kwamfutocin ofisoshi da makarantun koyon kwamfuta inda Prince of Persia da Dangerous Dave suka yi tashe, sannan akwai gidajen gem inda PlayStation 2 ta 2000 da wasan ƙwallo na Konami suka mamaye. Amma emuleta ta waya ta shigo wa yawancin matasa. PPSSPP, wadda Henrik Rydgård na Suwidin ya fara a 2012, tana buga wasannin PSP a Android, har sunanta ya koma tamkar sunan wasannin kansu. Konami ya tsaya da fitar da Pro Evolution Soccer a PSP bayan na 2014, amma masu sha'awa na sabunta sunayen 'yan wasa da rigunan ƙungiyoyi kowace kaka, ana tura wa juna ta Xender ko katin memori.

Dalilin karɓuwarta a fili yake. A Chadi kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki, data kuma ba ta da arha. Sabon wasan kwamfuta na iya cin gigabait 50 ko fiye, ya kuma nemi intanet a kowane lokaci. Faifan PSP bai wuce gigabait 1.8 ba, Prince of Persia kuwa bai cika megabait 2 ba. Da an sauke sau ɗaya an gama, kuma kwamfuta 'yar gwanjo ko waya mai matsakaicin ƙarfi ta wadatar.

Wanda ke unguwar Gudji a N'Djamena, ko a Maraɗi da Damagaram, yana da wani cikas da na Kano bai sani ba. Kwamfutocin ƙasashen da ke aiki da Faransanci kibod ɗinsu AZERTY ne. Idan DOSBox ta ɗauka na Amurka ne, sai a danna A a ga Q, a danna M wata alama ta fito, ke nan ko umarnin mount ba zai rubutu ba. Maganinsa umarnin keyb fr, ko a rubuta tsarin a fayil ɗin saiti sau ɗaya.

Wani bambancin ya shafi talabijin. Najeriya ta yi amfani da tsarin PAL, Chadi da Nijar SECAM, dukansu masu bugun 50 a daƙiƙa, yayin da Japan da Amurka ke kan 60. Wasanni da yawa na shekarun 1990 ba a gyara su ba da aka kawo su kasuwar Turai, sai gudunsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Sonic the Hedgehog na 1991 sanannen misali ne, har kiɗansa ya fi jan jiki. Wanda ya taso da sigar Turai zai ji ta Amurka ta yi masa sauri, kuma emuleta na ba da zaɓin kowacce.

Haɗarin da ya fi yawa ba daga emuleta yake ba, daga inda ake sauke ta ne. Shafuka da yawa na cusa manhajar leƙen asiri ko ta talla a cikin fayil mai ɗauke da sunan PPSSPP ko na wani wasa. Fayil ɗin wasan PSP yakan ƙare da iso ko cso. Wanda ya zo a matsayin apk yana neman izinin karanta saƙonni da lambobin waya ba wasa ba ne.

Doka

Emuleta daban, wasan da ke cikinta daban. A watan Fabrairun 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa kamfanin Connectix bai karya doka ba da ya binciki BIOS ɗin PlayStation, wato manhajar da ke tayar da na'urar, don gina tasa manhajar. Kamfanin Bleem ma bai sha kaye a hannun Sony mai PlayStation ba, amma kuɗin shari'a ya durƙusar da shi a 2001. A watan Maris na 2024 masu Yuzu, wadda ke kwaikwayon Nintendo Switch tun tana kasuwa, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su rufe. Wata guda bayan haka Apple ya buɗe wa emuletocin tsofaffin wasanni ƙofar kantinsa.

Wasan kansa da BIOS ɗin na'ura suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ko da kamfanin ya daina sayarwa ko ya mutu. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haɗa da shirye-shiryen kwamfuta. Chadi da Nijar mambobi ne na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977. Hanyoyin da ba su da ja-in-ja su ne sayen wasan daga mai haƙƙinsa, ko buga waɗanda masu su suka saki kyauta, kamar kashin farko na Doom.

Adana tarihi

A nan ne emuleta ta wuce abin nishaɗi. Wani bincike na gidauniyar Video Game History Foundation a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Faifan fulofi na lalacewa, na'urori na mutuwa, zafi da ƙura irin na Sahel kuma na gaggauta hakan. Rubutun asalin Prince of Persia kansa ya ɓace wa mai shi, Jordan Mechner, shekaru da dama, sai a 2012 aka tsinto faifansa a wani kwali a gidan mahaifinsa. Mafi yawan aikin ceton nan masu sa kai ne suka yi shi, ba kamfanonin da suka ci ribar wasannin ba, kuma a watan Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi bai wa ɗakunan karatu izinin nuna wa masu bincike irin waɗannan wasanni ta intanet.

Abin ya fara taɓa abubuwan da mutanen yankin nan suka fi sani. Wasannin Java na ƙananan wayoyin Nokia ba sa tashi a Android sai ta emuleta irin J2ME Loader. Adobe ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamban 2020, kuma wasannin burauza da aka gina da ita yanzu ta Ruffle ake buɗe su.