Badaƙalar Volkswagen da Golf ɗin Maigatari

A ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin kamfanin Volkswagen: ya dasa wa motocinsa masu shan dizal wata manhaja da ke gane lokacin gwaji, sai ta rage hayaƙi, da an hau titi kuwa, gubar da ke fita takan kai ninki arba'in na abin da doka ta yarda. Motoci miliyan 11 abin ya shafa. Kafin mako ya zagayo shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya ajiye aiki, kuma tara da diyya sun haura yuro biliyan 30.

A Turai dizal ya zubar da mutuncinsa. A 2015 kusan rabin sababbin motocin da ake saya masu dizal ne. Zuwa 2023 ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Birnin Hamburg ya hana tsofaffinsu bin wasu tituna a 2018, darajarsu a kasuwar na-hannu ta faɗi.

A Maigatari kuwa, ko gezau. Duk wanda ya je kasuwar Alhamis zai ga Golf da Sharon suna sauke fasinja daga Gumel da Gagarawa, kuma sunan kamfanin bai rage musu ko kwabo ba. Dalili na farko, akasarinsu na fetur ne: tallafin da ya ɗore har Mayun 2023 ya sa ƙaramar motar dizal ba ta taɓa yin farin jini a nan ba. Na biyu ya fi ciwo. Mai saye yana tambayar lafiyar inji da samuwar kayan gyara a Ƙofar Ruwa, ba ya tambayar hayaƙi. Matatar salansa ma, wadda makanikai ke kira indomi, sau da yawa an cire ta an sayar tun kafin motar ta iso.

Tamu badaƙalar a cikin man take. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa dizal mai yawan farar wuta musamman don Afirka ta Yamma. Dokar Nijeriya a lokacin ta halatta kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai kashi 10. A Disamban shekarar Nijeriya ta yi alƙawarin saukowa zuwa 50, sai dai aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, manyan motocin da ke kwasar shanu daga Maigatari zuwa Kudu suna ta ƙona abin da suka samu.