Wa Ke Riƙe da Daji? Tarihin Farauta da Bindiga a Ƙasarmu

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu waiwayi abin da yaranmu ba su tarar ba, watau daji da namansa. Yaron da aka haifa bayan yunwar 1984, in dattijo ya ce masa a da barewa na kiwo a bayan gonaki, zabin daji kuwa har bakin shinge suke zuwa, sai ya ɗauka tatsuniya ake yi masa. In ka tambayi dattijon me ya cinye naman, amsa ɗaya zai ba ka: bindiga. To, bindiga tana da nata laifi. Amma da muka bi labarin daga tushe, mun ga ta tarar da ƙofa a buɗe ne, kuma ba ita ta buɗe ba.

A zamanin kakanni halbi sana'a ce ta gado, kamar ƙira ko jima. Ba kowa ke rataya kwari ba. Akwai gidajen mahalba, akwai sarkin baka, kuma yaro yakan yi shekaru yana bin uba yana ɗaukar kaya kafin a ba shi asirin dafi, wanda ake dafawa da kwankwani. Mahalbi kan ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe har ya kusanci barewa, don kibiya ba ta nisa. Wanda ya yi yini guda yana jan ciki cikin ƙaya saboda dabba ɗaya, ba ya kashe goma. Abin da ya fi wannan kuwa, dajin kansa yana da masu shi. Arna sun ɗauka iskoki ke riƙe da shi, ba a shiga farautar gayya sai manya sun yi buɗin daji da rani, bayan an kai amfanin gona gida. Masalata, nan kusa da Birnin Ƙonni, ta shahara da wannan al'ada da kuma arwar da ake yi don duba damina mai zuwa. Mu yau ba mu bin wannan hanya, ba kuma kira muke a koma mata ba. Amma duk mai hankali ya lura da abin da take yi: tana rufe daji da damina, lokacin da dabbobi ke haihuwa, tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. Tsoron iska ya tsare abin da dogari ba ya iya tsarewa, don iska ba ta barci, ba ta kuma karɓar goro.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa tun kafin Nasara. Sarakuna sun saye ta ta hanyar Sahara da ta kudu, Damagaram ma har igwa ta ƙera. Sai dai kayan yaƙi ce ta fada, mahalbin ƙauye bai damu da ita ba. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burusel, suka hana a sayar wa baƙar fata bindiga ta zamani, aka bar mana mai ɗurin albarushi ta baki, wadda ake kira harba-ka-ruga. Irin bindigar da aka hana mu, ita mutanen ƙasar nan suka gani a 1899 a hannun rundunar Bule da Shanuwan (Voulet da Chanoine). A watan Afrilu suka faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, inda 'yan baka suka kashe musu mutum 4, suka sa su ɓarnar harsashi wajen 7,000. A watan Mayu suka iso Ƙonni, suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Ke nan farkon sanin da muka yi wa bindigar zamani, mutum ta kashe, ba barewa ba.

Bayan Ingila da Faransa sun gyara iyaka a 1904 da 1906, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa. Daga nan bindiga ta zama abin takarda da haraji, kwamanda ke ba wanda ya ga dama: sarakuna, tsofaffin soja, ma'aikata. Waɗannan ba su gaji halbi ba, ba su san buɗin daji ba, sarkin baka kuwa ba shi da bakin magana a gabansu. Nasara da kansu sun riƙa fita da mota suna halbi don nishaɗi. Sa'an nan a 1935 aka yi dokar daji ta Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda ta mai da dajin da ba a nomawa na gwamnati, ta kuma hana sare wasu itatuwa ko da a gonar mutum suke. Nufinta tsaro ne, amma ga yadda manomi ya fahimce ta: gawon da ya tsiro a gonarka ba naka ba ne, tarko ne da zai jawo maka ɗan gandun daji da tara. Sai mutane suka koyi tumɓuke itace tun yana ƙarami. Dokar daji ta 1974, bayan mulkin kai, ba ta sauya wannan ba. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta rufe farauta gaba ɗaya a ƙasar Nijar. Mahalbin gado ya zama ɓarawo a dajin kakansa, mai mota da fitila kuwa ya ci gaba da abinsa da dare.

Yanzu sai maganar addini, wadda ita ce ta fi wuyar faɗi. Musulunci ya yaɗu cikin ƙauyuka ƙwarai a ƙarnin da ya wuce, gidajen Arna da yawa suka tuba, tsafi ya ragu. Mishan kuma suka zo. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta zauna Damagaram a 1924, ta buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan likitar Galmi a 1950, a hannun Dakta Burt Long. Wane ne cikinmu ba shi da ɗan uwan da aka yi wa aiki a Galmi? Kiristoci kaɗan ne a ƙasarmu, amma maƙwabta ne, muna cin kasuwa ɗaya, muna noman albasa ɗaya. Abin lura shi ne, malami da ɗan mishan, duk da saɓaninsu, sun haɗu a kan magana guda: kurmi ba shi da iko, itace itace ne, kada a ji tsoron kowa sai Allah. Wanda ya karɓi addinin Almasihu, ana son ya ƙone layu ya rabu da yanka wa iskoki, kamar yadda malami ke nema ga Ba'arnen da ya musulunta. A wajen tauhidi wannan daidai ne ga duka biyun. A wajen daji kuwa, an tuɓe shinge ba a dasa wani ba.

Alhali littattafan biyu ba su rasa abin dasawa ba. An fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa tun 1932. A Farawa sura ta 1 an ba mutum iko a kan dabbobi, amma a sura ta 2 an ce an sa shi cikin gonar Aidan don ya noma ta ya kuma kiyaye ta. A Attaurar Musa akwai dokar da ta hana wanda ya tarar da sheƙa ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe, uwar sai a sake ta. Akwai wadda ta hana sare itace mai 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, da wadda ta ce a bar gona ta huta a shekara ta bakwai. Littafin bai haramta farauta ba, Isuwa ɗan Ishaku ma mahalbi ne. Daga waɗannan ne Kiristoci suka fitar da koyarwar cewa ƙasa ta Ubangiji ce, mutum wakili ne kawai, za a kuma nemi lissafi a hannunsa. Mu Musulmi mun san wannan da sunan halifanci da amana. Suratul Ma'ida ta halatta abin da karen da aka horar ya kamo in an ambaci sunan Allah, Risala kuma, wadda almajiranmu ke karantawa, ta ce farauta don wasa makaruhi ce. Sai dai a shekarun farko hankalin mishan yana kan wa'azi da magani da makaranta, na malamai yana kan salla da gado da aure. A Turai ma sai da aka tsokane su: a 1967 wani malamin tarihi a Amurka, Lynn White, ya zargi addinin Kirista da ba mutum lasisin ɓata duniya, daga nan maganar wakilci ta ƙara ƙarfi a coci-coci.

Ana cikin haka jama'a na ƙaruwa. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da 'yan kai a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17. Saura ta ƙare, gona ta haɗe da gona, fari na 1973 da na 1984 suka ƙarasa sauran. Dabba ba ta zama inda babu inuwa. Raƙumin dawa, wanda a da ke yawo daga Sanagal har tafkin Cadi, ya rage 49 kacal a 1996, duka a wajen Kure kusa da Yamai. Mariri kuwa ya ƙare ƙaf a dajin Nijar.

Inda koyarwar wakilci ta taɓa ƙasa da gaske, ba ta kan bindiga ta bi ba, ta kan kututture ta bi. Wani ɗan mishan na SIM, mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi shekara biyu ko uku a Maraɗi yana raba dashen itatuwa suna mutuwa. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda rairayi, ransa a ɓace, ya roƙi Allah gafara a kan yadda 'yan Adam suka lalata kyautarsa, ya nemi a buɗe masa ido. Da ya duba ɗan tsiron da ke gefen hanya, sai ya ga ashe toho ne daga kututturen babban itace da saiwarsa ke raye a ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: maimakon a sassabe sabara da kalgo da geza ƙurmus, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Manoma suka sa mata suna sassabin zamani, ko da yake kakanninmu sun san irinta. A yunwar 1984 aka haɗa ta da rabon abinci a ƙauyuka wajen 100, aka bar itatuwa kimanin 500,000. Da rabon ya ƙare, mutane suka sare kashi biyu cikin uku. Wannan ya isa ya nuna cewa wa'azi da buhun hatsi ba su riƙe itace.

Abin da ya riƙe sauran shi ne, ma'aikatan gandun daji na Maraɗi sun yarda su sassauta, wanda ya reni itace a gonarsa ya ci amfaninsa ba tara. Da manomi ya tabbata nasa ne, sai ya tsare. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfi. Masu bincike sun ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 ya farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. An ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin a 2018, tare da Yakuba Sawadogo, manomi Musulmi na Burkina Faso. Mu dai mu ce, hannuwan da suka yi aikin, kusan duka na manoma Musulmi ne, wasu ma ba su taɓa jin sunan baturen ba. Inda sabara ta yi duhu kuwa, zomo da fakara ba su jiran gayyata.

An sake buɗe farauta a shekarun 1990, dokar da aka yi ranar 29 ga Afrilu 1998 ta sa ta a ƙarƙashin takardar izini da lokaci, ta kuma jera dabbobin da ba a taɓawa. Ta ambaci haƙƙin farautar gargajiya, amma ba ta mai da wa sarkin baka sandarsa ba. Raƙuman dawa da aka tsare tare da mutanen ƙauyukan Kure sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji.

Bindigar da ke damun iyakarmu da Sakkwato a 'yan shekarun nan ba ta mahalba ba ce, ta yaƙi ce, shanu da mutane take nema. Saboda haka muna jin samari na kiran yayyensu da ke Abijan da Legas da Libiya, a aiko da kuɗin bindiga, wai ta tsaron gida ce, in ya so da rani a ɗan taɓa zomo. Tsoronsu gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma kafin mutum ya aiko, ya tambaya: a hannun wa za ta kwana, akwai takarda ko babu, wane dattijo ne zai iya ce wa mai ita ajiye ya ajiye? Mahalbin da yana da uba a sana'a, yana da sarkin baka, yana da watannin da ba ya fita. A garuruwan Zamfara da Sakkwato an ga yadda 'yan sa-kai suka fara da tsaron gari, abin ya koma ramuwar gayya tsakanin manoma da makiyaya, har kasuwanni suka mutu. Daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya kuwa tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur.