Daren ɓad-da-kama da ya ciyar da marayu

Shekaran jiya mun tashi daga taron iyayen yara a lakwal ɗinmu ba mu tara ko kuɗin tebur biyar ba. Kowa ya yarda yara na zaune a ƙasa, amma da aka zo maganar aljihu sai ɗaki ya yi tsit. Ina hanyar gida na tuna da wani tarihi da na taɓa karantawa, na yadda Yahudawan Amurka suka riƙa tara kuɗin taimako a ƙarni na 19.

Suna da wata salla da suke kira Furim, wadda ke faɗowa cikin Fabrairu ko Maris. A cikinta suke tunawa da labarin Esta, matar sarkin Farisa, wadda ta kuɓutar da mutanenta daga makircin waziri Haman. Addininsu ya ɗora wa kowa a ranar ya aika wa maƙwabci abinci, ya kuma yi sadaka ga matalauta aƙalla biyu. Akwai kuma tsohuwar al'adar sa tufafin ɓad-da-kama, kusan yadda yaranmu ke yi a tashe.

A 1862 wasu samari a birnin Niyok, cikinsu har da Myer Isaacs, suka haɗa sadakar da wasan wuri guda. Suka kama babban zaure, suka sayar da tikiti, jama'a suka zo da fuska a rufe aka kwana ana rawa, ribar kuma ta tafi gidan marayu da asibiti. Ƙungiyar tasu ta yi shekara 40 tana wannan aiki, har 1902.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda al'adar ta kai ƙananan garuruwa. Ga misalin Ledbil a jihar Kolorado, garin masu haƙar azurfa a kan duwatsu, sama da mita 3,000. Yahudawan garin ba su da yawa, galibinsu ƴan kasuwa ne.  Su da kansu suka samu maƙabarta a 1880, suka gina ɗakin ibada a 1884 a filin da attajiri Horace Tabor, wanda ba Bayahude ba ne, ya ba su. Daren Furim ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin cika asusun taimako, kuma mata ne ke riƙe da yawancin hidimar.

Da a tsakaninsu kaɗai suka yi karo-karo, da abin bai taka kara ya karya ba. Sai suka buɗe ƙofa ga duk garin. Kirista ya sayi tikiti don ya sha kallo, mai kanti ya zo don a gan shi, kowa ya bayar ba tare da an roƙe shi ba. Bikin ya kuma sa tsirarun mutane sun zama ƴan gari, tunda wanda ka ci abincinsa da wuya ka kira shi bare.

Da farashin azurfa ya faɗi a 1893, mutane suka yi ta watsewa, al'ummar Yahudawan ta ragu har ta kusa ƙarewa. Ginin 1884 kuwa yana nan, an gyara shi ya zama gidan tarihi.

Ban ce mu shirya rawar dare ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma mu malamai mun saba kiran iyaye mu karanta musu jerin matsaloli, sannan mu miƙa ƙoƙo. A taro mai zuwa zan kawo shawara mu shirya wasan kwaikwayo da kacici-kacici na yara a ƙarshen zango, mu gayyaci unguwa duka, har waɗanda ba su da ɗa a lakwal, mu bar asusun a hannun iyaye mata, a kuma karanta lissafin kowace dala a gaban kowa.